Daga wane daji wannan falankin ya fito?

Bayan ƙaramar salla yayata, wadda duk gidanmu muke kira Yaya Hajiya, ta kama hayar wani shago a unguwar Filato a nan Yamai, da niyyar fitar da kasuwancinta daga ɗakin da ta daɗe tana sayar da shadda da leshi da turare a cikinsa, ta mayar da shi wurin da matan manya za su shigo su zauna, a kawo musu shayi, a warware musu bandir ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa yana gaggawa ba. Da yake zanen gine-gine ne sana'ata, kuma ƙani ba ya karɓar kuɗin aiki a hannun yayarsa, ni ta kira. Ta miƙo mini wayarta ta ce, "Auta, dubi nan. Irin wannan nake so, katako tun daga ƙasa har sama, yadda duk wadda ta shigo za ta san ba kantin bakin titi ta shigo ba."

Hoton na kantin Hermès ne, kamfanin kayan alfarma na Faransa, da ke titin Sèvres a birnin Faris, wanda aka buɗe a shekarar 2010. Asalin wurin tafkin ninƙaya ne da aka gina a 1935 daura da otal ɗin Lutetia, kuma da yake hukuma ta sanya shi cikin gine-ginen tarihi, masu zanen ba su da damar rushe bango ko fasa daɓe yadda suka ga dama. Sai suka kafa wasu bukkoki uku a tsakiyar ramin tafkin, tsayinsu ya kai mita 9, waɗanda aka saƙa da siraran tsinkayen wani farin itacen Turai mai lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, kowace tana tsaye da ƙafarta, haske yana ratsa saƙar ta ko'ina. Na ce wa Yaya sun yi mini kama da manyan akurkin kaji irin na gidan kakarmu a Tawa, ta harare ni. Amma da gaske nake, domin dabarar ɗaya ce: ka ɗauki abu siriri mara nauyi, ka gitta shi a kan ɗan'uwansa har su riƙe juna, ka sami ɗaki a cikin ɗaki.

Manyan kantunan duniya sun daɗe suna nuna isa da dutsen marmara da gilashi da ƙarfe mai walƙiya, sai a shekarun nan aka ga suna karkata zuwa katako. Kantin Apple da aka buɗe a Mumbai ta Indiya a watan Afrilun 2023 yana da rufin ciki da aka harhaɗa da hannu daga ƴan gutsattsarin katako fiye da 450,000, waɗanda aka jera a kan faifai 1,000 masu kusurwa uku. A Tokiyo kuwa, mai zanen gine-ginen nan Kengo Kuma ya lulluɓe wani ƙaramin kantin kek ɗin abarba mai suna SunnyHills da sandunan itacen hinoki a 2013, ya sarƙe su da tsohuwar dabarar kafintocin Japan inda sanda ke shiga cikin tsagar sanda. Mai sayayya yana jin ɗumin katako a ido da tafin hannu, wannan kowa ya sani. Amma dalilin da kamfanonin suka fi ambata shi ne na sauyin yanayi. Sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, alhali itace zuƙar wannan iskar yake yi lokacin da yake girma, har kusan rabin nauyin busasshen katako kabon ne, kuma yana nan a kulle muddin katakon bai ƙone ko ya ruɓe ba.

Daga wannan tunanin ne aka bunƙasa wani nau'in katako a Ostiriya da Jamus cikin shekarun 1990, wanda zan kira katakon gicciye: ana shimfiɗa falankai a jere, a shafa gam, a ɗora wani layin a kansu a gicciye, a sake ɗora wani, hawa uku ko biyar ko bakwai, sannan a danne da inji har ya zama faifai mai kaurin bango wanda zai iya ɗaukar bene. Da irinsa da manyan ginshiƙan katako aka tayar da wani bene mai tsayin mita 85.4 a garin Brumunddal na Norwe a 2019. Wani abin da ya ba ni dariya shi ne, shaddar Getzner da Yaya ke alfahari da ita, wadda ita ce za ta cika rabin kantocin shagon, a garin Bludenz ake saƙa ta, cikin lardin Vorarlberg na Ostiriya, lardin da duk ɗalibin zanen gini ya san shi da gwanintar gini da katako. Sai dai kusan rabin ƙasar Ostiriya daji ne, kuma abin da ke tsirowa a dazukansu a shekara ya fi abin da suke sarewa. Mu a Nijar, abin da ake lissafawa a matsayin daji sosai bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasar ba.

Kalmar da suke jinginawa ga wannan katakon ita ce "mai ɗorewa", kuma ma'anarta a wurinsu takarda ce. Akwai hukumar FSC da aka kafa a 1993, mai hedikwata a birnin Bon na Jamus, da wata mai suna PEFC da ta biyo baya a 1999. Aikinsu shi ne su sa a binciki daji su tabbatar ana sara daidai da abin da zai tsiro, ba a tauye haƙƙin mutanen da ke zaune a gefensa ba, sannan su bi sawun gungumen daga daji zuwa injin yanka, daga nan zuwa ɗan kasuwa, har zuwa hannun kafinta, kowane hannu da shaidarsa. Idan hannu ɗaya ya rasa takarda, sarƙar ta tsinke. Tsarin yana da masu suka, domin an sha kama kamfanoni masu hatimi da aika-aika, amma aƙalla akwai wanda za a tuhuma.

Da wannan a raina na tafi Kasuwar Katako ranar wata Asabar tare da wani tsohon kafinta, mutumin Madawa, wanda ya yi wa mahaifinmu aiki tun ina yaro. Wanda bai san Yamai ba zai ɗauka falankai kaɗai ake sayarwa a can saboda sunan, alhali babu abin da babu, daga tsohon ƙarfe da tukwanen da ake zubawa da narkakken gwangwani har zuwa hatsi da kayan miya. A layin masu katako, falankan suna jingine tsaye kamar rundunar mutane, ƙasa cike da dusar zarto mai laushi da ke shiga takalmi, ga ƙarar inji ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Katako iri biyu ake kira da baki, fari da ja. Farin shi ne wanda mutanen Kodebuwa ke kira samba, na Gana su ce wawa, mara nauyi, mai sauƙin aiki da araha, kuma abincin gara. Jan kuwa suna ne da ya haɗa itatuwa da yawa da ba su da dangantaka sai ta launi. Na dafa wani jan falanki mai kyawun zane na tambayi mai shi daga wane daji ya fito. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakar saniyar da aka yanka a mahauta, ya ce, "Alhaji, daga kudu mota ta kawo."

Ban ga laifinsa ba, gaskiyar abin da ya sani ya faɗa. Amma amsar nan ita ce dukan matsalar, domin mun ga abin da "daga kudu" ya haifar a kan madobiya. Itacen nan mai jan ciki da ƙanshi, wanda ƴan kasuwar ƙetare ke kira koso, an yi masa rubdugu a Afirka ta Yamma cikin shekarun 2010 saboda masu ƙera kujerun alfarma a Sin suna biyan kuɗi mai tsoka a kansa, aka share shi daga daji bayan daji tun daga Gambiya da Senigal har zuwa Taraba a Najeriya. A 2016, a taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, da aka yi a Johannasbag, aka sanya shi cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su sai da izini, kuma da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a 2022 aka kai ga dakatar da fitar da shi daga ƙasashen yankin. Madobiya ganyenta makiyaya ke sassaɓo wa dabbobi a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Kayan alfarma ne suka cinye ta, ba itacen girki ba. Saboda haka idan na lulluɓe shagon Yaya da jan katakon da ban san asalinsa ba, na kwaikwayi kamannin kantin Faris ne kawai, na bar dalilin da ya sa aka yaba masa.

A hanyarmu ta dawowa Baba kafinta ya tuna mini abin da na karanta a makaranta amma ban taɓa haɗa shi da wannan aikin ba, wato cewa maginanmu na da sun san itace abu ne mai tsada, kuma gwanintarsu duka a kan tattalinsa aka gina ta. Azara daga giginya ake tsaga ta, an fi son namijin saboda ƙarfinsa, kuma ɓangaren waje mai baƙin jijiya ake ɗauka a bar farin cikin mai taushi, shi ya sa gara ke shan wahala a kanta. Da yake azara ba ta iya tsallaka ɗaki mai faɗi ita kaɗai, sai aka ƙirƙiro bakan gizo: gajerun azara ana ɗaure su hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa da ita, a lulluɓe da ƙasa har su haɗu a sama. Duk wanda ya shiga masallacin Juma'a na Yama a jiharmu ta Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma ginawa a 1962 kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, ya ga yadda ƙasa da ɗan itace kaɗan suke ba da kwarjinin da marmara ba ta bayarwa. Daga baya ma, da giginyar yankin Gaya ta soma ƙaranci, aka shigo da dabarar gini ba da itace ba tun daga 1980, inda ake rufe ɗaki da ƙubba ta tubalin ƙasa zalla.

Masu zanen zamaninmu da suka yi suna ma wannan hanyar suka bi. Kasuwar ƙauyen Dandaji a jihar Tawa da Mariam Issoufou ta zana, wadda aka kammala a 2018, rumfunanta na tubalin ƙasa ne da aka matse da inji, inuwarta kuma ta faya-fayen ƙarfe masu launi ce da aka ɗaga a sama hawa-hawa kamar ganye, duka an kewaye wani tsohon itace da kasuwar ta saba ci a ƙarƙashinsa. Itacen da ya fi daraja a wurin shi ne wanda aka bari a raye. A Burkina kuwa, Francis Kéré, wanda ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine, a 2022, ya kewaye makarantar sakandare ta Schorge da ke Kudugu da sandunan itacen turare, irin waɗanda mu nan muke kafa rumfar mai shayi da su ko mu tokare kankare, ya jera su tsaye suka zama labule mai tace rana. Itacen turare yana girma da sauri, idan an sare shi yana sake tohowa daga kututture, kuma ana iya nuna wa mutum gonar da ya fito.

Wannan batu na iya nuna gona shi ne ya tsaya mini a rai. Ba mu da hatimin FSC a Katako, amma muna da abin da ya fi takarda kusa, wato sanin mutum da sanin wuri. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, tun daga 1975 aka soma dasa dogon yaro layi bibbiyu, tazarar kimanin mita 100 tsakanin jeri da jeri, domin kare gonakin gero daga iska, kuma da itatuwan suka girma manoma suka riƙa rage rassansu bisa tsari suna samun sanduna da itacen aiki ba tare da an kashe uwar ba. Dogon yaro ɗan gida ɗaya ne da maɗaci a wajen masana tsirrai, cikinsa ja-ja ne, yana karɓar gogewa, kuma ɗacinsa yana sa ƙwari su yi masa kawaici. Mun raina shi ne kawai don yana ƙofar gidan kowa. Gawo kuwa, duk da miliyoyinsa da manoman Maradi da Damagaram suka raya a gonakinsu tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin kututture ya toho, ba na aikin kanti ba ne. Katakonsa yana da taushi, ƙwaro yana son sa, doka tana kare shi, kuma amfaninsa a tsaye cikin gona ya ninka duk abin da zai bayar a kwance.

Ko an sami itacen kirki, iskar Yamai tana da nata hukuncin, kuma ni na taɓa ɗanɗana shi. Shekarun baya na sa aka yi mini ƙofofin kabad da jan katakon da na saya cikin watan Agusta, mai sayarwa yana rantsuwa cewa ya bushe. Sun yi kyau har zuwa Nuwamba. Da hunturu ya kankama, wata rana da dare na ji ƙara kamar an harba bindigar wasa, da safe na tarar ƙofa ɗaya ta tsage daga sama har ƙasa, sauran kuma sun buɗe baki har ana hango kayan ciki. Dalilin shi ne katako yana shan laima daga iska yana kuma mayar mata, kuma a faɗinsa yake kumbura ko ya tsuke, ba a tsawonsa ba. A damina laimar iskar Yamai tana haura kashi 70 cikin 100, a watannin Fabrairu da Maris kuma tana faɗuwa ƙasa da 20, saboda haka falankin da ya baro bakin teku da ruwa a jikinsa yana iya rasa abin da ya kusa santimita guda a cikin faɗin santimita 30. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda babu kantin alfarma da zai rasa ta, ƙara busar da shi take yi. Maganin shi ne a jera falankai a inuwa da ƴan sanduna a tsakaninsu su sha hunturu guda cur kafin a taɓa su da zarto, a yi aiki da ƙananan faɗi maimakon faifai ɗaya babba, a kuma bar wa kowane allo ɗan wurin motsi a cikin firam ɗinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ƙura. Rufin Mumbai mai gutsattsari 450,000 abin sha'awa ne a hoto, amma duk wanda ya taɓa share tagar gidansa a watan Janairu ya san abin da zai zama a nan bayan mako biyu, kuma a ƙarƙashinsa farar shadda za a shimfiɗa. Ita ma farar shaddar tana da nata sharaɗin, domin bangon jan katako yana mayar da haske ja-ja a kan yadi, mai saye ta zaɓi fari a cikin shago ta fita rana ta ga wani launi dabam. Gobara kuwa Yaya ce ta fara ambatarta, don ba ta manta da ƙonewar Ƙaramar Kasuwa a 2012 ba, kuma iyayenmu suna ba da labarin ta Babbar Kasuwa a 1982. Na bayyana mata cewa ginshiƙi mai kauri yana ci ne a hankali, ƙasa da milimita ɗaya a minti, gawayin da ya yi a waje yana kare cikinsa, amma siraran tsinkaye irin na bukkokin hotonta, da iska ke ratsa su ta kowane gefe, ba su da bambanci da ƙirare, balle a shagon da ke cike da yadi da kwalaben turare.

Abin da na zana mata a ƙarshe bai yi kama da hoton ba, kuma sai da muka yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata da fara'a ba. Bangon zai kasance na farar ƙasa mai santsi domin launin kaya ya fito da gaskiyarsa. Katako zai zauna ne a inda hannu ke kaiwa: doguwar kanta guda ta dogon yaro inda za a warware shadda, da bakin kantocin jera kaya, da marikin ƙofa, da kujerun zaman baƙi. Tsakanin wurin yadi da wurin turare za a tsayar da sandunan itacen turare da aka feƙe aka goge, da tazarar da tsumma zai shiga. A saman ƙofar shiga kuma za a ɗora azara huɗu da muka samo daga tsohon soron gidan kawunmu a Tawa da aka rushe bara, waɗanda suka fi ni shekaru kuma har yanzu ƙusa tana lanƙwashewa a jikinsu. Komai da noti za a ɗaure shi, ba da gam ba, ƙafafun kuma a kan ƙarfe za su tsaya nesa da daɓe saboda gara, ta yadda idan mai gidan ya ƙara kuɗin haya, ko Yaya ta gaji da fasalin bayan ƴan shekaru kamar yadda masu irin waɗannan kantunan suka saba, za a kwance a tafi da shi maimakon a farfasa a kai wa mai tuyar ƙosai.

Gungumen dogon yaron daga gonar wani abokin Baba kafinta ya fito, a gefen Buza, itacen da iskar farkon damina ta kayar, kuma sai da aka nemi izinin jami'an gandun daji kafin a ɗora shi a mota. An tsaga shi falanki bakwai. Yanzu haka suna jere a zauren Baba a ƙarƙashin tsohuwar tabarma, an shafe bakin kowanne da fenti don kada ya tsage ta ƙarshe, kuma ya ce ba zai sa musu zarto ba sai bayan Maris. Yaya ta riga ta buɗe shagon da teburin aro da ta lulluɓe da leshi. Jiya da na biya ta wurinta ta tambaye ni ko ba za a iya roƙon Baba ya rage ko da wata ɗaya ba, na ce ta je ta gwada da kanta, tunda ni ya riga ya kore ni sau biyu.